BABI NA HUƊU: JIGON BIN RA'AYIN JAMA'A A LITTAFIN THINGS FALL APART NA CHINUA ACHEBE

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi nazarin ɗaya daga cikin jigogin da Chinua Achebe ya gina littafinsa Things Fall Apart a kansu, wato yadda mutum kan bi abin da jama'arsa ta yanke alhali zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Kamfanin Heinemann ne ya fara buga littafin a Landan a shekarar 1958. Yana da babi 25 waɗanda aka kasa kashi uku. An gina labarin a ƙasar Igbo, a wata ƙagaggiyar al'umma mai ƙauyuka tara da ake kira Umuofia, wajen ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da 'yan mishan da Turawan mulkin mallaka suka fara kutsawa yankin.

Manazarta da dama sun ɗauki littafin a matsayin labarin karon da aka yi tsakanin al'adun Igbo da na Turawa. Wannan fahimta tana da tushe, sai dai ta bar tambaya guda ba amsa. Yaya aka yi al'ummar da maƙwabta ke shakkarta wajen yaƙi ta dare gida biyu cikin 'yan shekaru kaɗan? Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun kafin Bature ya iso akwai mutane da yawa a Umuofia da ke da ja a kan wasu hukunce-hukuncen al'ada, amma kowannensu ya bar ta ciki na ciki. Wannan shiru ya sa ana yi wa al'adar kallon mai ƙarfin da ba ta da shi, kuma yana cikin abubuwan da suka kai babban tauraron littafin, Okonkwo, ga halaka.

4.1 Ra'ayoyin Masana Kan Bin Jama'a

Kafin a shiga warwarar jigon, zai kyautu a kawo abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da wannan ɗabi'a. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya gudanar da wani gwaji a Amurka. Yakan tara ɗalibai a ɗaki ya nuna masu layuka, ya nemi kowa ya faɗi layin da tsawonsa ya yi daidai da wani layi da aka ware. Amsar a fili take, amma an haɗa baki da duk waɗanda ke ɗakin, in ban da mutum ɗaya, don su ba da amsar da ba daidai ba. Sakamakon ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi kuskuren jama'a, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Asch ya kuma gano cewa da zarar an sami mutum ɗaya tak a ɗakin da ya faɗi gaskiya, sai bin jama'ar ya ragu ƙwarai.

A shekarar 1974 Jerry Harvey ya kawo misalin wasu iyali a garin Coleman na jihar Tekzas da suka yi tafiyar mil 53 cikin tsananin zafi zuwa garin Abilene don cin abinci. Sai da suka dawo gida a galabaice suka gano ba wanda ya so tafiyar tun farko, kowa ya amince ne don yana zaton abin da sauran ke so ke nan. A wannan shekara kuma Elisabeth Noelle-Neumann ta ƙasar Jamus ta bayyana cewa tsoron a ware mutum shi ke sa ya kame bakinsa idan ya ga ra'ayinsa ba shi da rinjaye, kuma shirun nasa yakan ƙara wa wasu tsoron magana. Shi kuwa Timur Kuran, a littafin da ya fitar a 1995, ya nuna cewa tsarin da mutane ke goyon bayansa a baki kawai yana iya rushewa farat ɗaya, kamar yadda gwamnatocin gurguzu na Gabashin Turai suka rushe a 1989.

Hausawa ma ba su bar wannan hali ba suna. Sukan kira mai yin sa ɗan amshin Shata ko ɗan bi yarima a sha kiɗa, sannan kuma su ne suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Wannan ya nuna ana zargin ɗabi'ar ta wani gefe, ana kuma ganin hikimarta ta wani gefen. Za a ga cewa Achebe ma bai tsaya a gefe ɗaya ba.

4.2 Yadda Ake Yanke Hukunci a Umuofia

Mai karatun da ya saba da tsarin sarauta zai iya zaton tsoron sarki ne ke sa talaka bin abin da bai yarda da shi ba. Umuofia kuwa ba ta da sarki. Hukunci yana fitowa ne ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce taron maza a filin kasuwa, kamar wanda aka yi a babi na 2, inda mutane kimanin dubu goma suka hallara bayan mutanen Mbaino sun kashe matar Ogbuefi Udo. Ta biyu ita ce bakin tsafin Agbala, wanda wata mace mai suna Chielo ke isar da saƙonsa. Ta uku ita ce shari'ar dodanni tara da ake kira egwugwu, waɗanda ke wakiltar kakannin ƙauyukan tara.

Abin lura a nan shi ne, a duk hanyoyin uku babu wani mutum guda da za a nuna a ce shi ya yanke hukuncin. Taron kasuwa yana magana da murya ɗaya ta hanyar amsa kirarin mai jawabi. Chielo idan tsafi ya hau kanta ba a ɗaukarta a matsayin matar nan da ke zama kusa da Ekwefi a kasuwa. Dodanni kuma fuskokinsu a rufe suke. Saboda haka wanda hukunci bai yi masa daɗi ba ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. In ya yi ja, da al'umma baki ɗaya da abin bautarta yake ja. Da wannan marubucin ya nuna cewa al'ummar da kowane magidanci ke da damar magana a cikinta tana iya danne ra'ayin mutum fiye da yadda sarki zai danne shi, domin sarki ana iya kai masa kuka.

Haka kuma damar maganar ba daidai take ga kowa ba. A babi na 4, wani mutum mai suna Osugo ya saɓa wa Okonkwo a taron dangi, sai Okonkwo ya muzanta shi da cewa taron na maza ne, don kawai Osugo ba shi da muƙamin gargajiya. Gaskiya ne jama'a sun goyi bayan Osugo har Okonkwo ya ba da haƙuri, amma duk wanda ya ga abin da ya faru ya san irin farashin da marar muƙami ke biya idan ya buɗe baki.

4.3 Okonkwo da Tsoron A Ce Masa Rago

Kisan Ikemefuna a babi na 7 shi ne babban tubalin da aka gina wannan jigo da shi. Ikemefuna yaro ne da mutanen Mbaino suka bayar tare da wata budurwa a madadin matar da suka kashe. An ajiye shi a gidan Okonkwo har shekara uku, ya saje da 'ya'yan gidan, yana kiran Okonkwo uba. Kwatsam sai Ogbuefi Ezeudu, wanda ya fi kowa tsufa a wannan yanki na Umuofia, ya zo ya shaida wa Okonkwo cewa tsafi ya yi umurni a kashe yaron, ya kuma shawarce shi da kada ya sa hannu a ciki.

Idan aka dubi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, za a ga babu wanda marubucin ya nuna yana murna da hukuncin. Ezeudu da ya kawo saƙon ya san abin da nauyi, shi ya sa ya keɓe Okonkwo ya yi masa gargaɗi. Uwar Nwoye da ta ji an ce za a mai da yaron gida ta gane nufin, ta ajiye taɓarya ta yi ajiyar zuciya. Nwoye ya fashe da kuka, ubansa ya lakaɗa masa duka. Mazan da suka raka yaron daji sun fara tafiya da hira da dariya, amma da aka yi nisa kowa ya yi tsit. Shi kansa Okonkwo ya koma can baya, ya kau da kai lokacin da aka ɗaga adda. Duk da haka, da yaron ya rugo wurinsa neman ceto, shi ne ya ƙarasa shi.

Marubucin ya faɗi dalili a fili: Okonkwo yana tsoron a ɗauke shi rago. Tushen wannan tsoro shi ne mahaifinsa Unoka, wanda ya mutu da tarin bashi ba tare da muƙami ko ɗaya ba. Muhimmin abu a nan shi ne babu wanda ya nemi Okonkwo ya je, balle ya sa hannu. Dattijon da ya fi cancanta ya yi magana da yawun al'ada ma hana shi ya yi. Ashe ke nan abin da Okonkwo ya bi shi ne hoton jama'ar da ya zana wa kansa a zuci, wadda ta fi ta zahiri tsanani. Wannan ya yi daidai da abin da Harvey ya bayyana, inda mutum ke aikata abin da ba ya so don cika wani buri da yake zaton na jama'a ne. Shaidar cewa zuciyarsa ba ta yarda ba ita ce, ya kwana biyu bai ci abinci ba, sai shan bammi, barci kuma ya ƙaurace masa.

Irin wannan ɓoyo ya sake fitowa a babi na 11 da na 12, daren da Chielo ta goya 'yarsa Ezinma zuwa kogon Agbala. Hankalin Okonkwo ya tashi, amma sai da ya bari an ɗan jima, don kada a ga gazawarsa, kafin ya ɗauki adda ya bi sawu. Sai a zuwansa na huɗu ya tarar da Ekwefi a bakin kogon. Mutumin da zai yi sawu huɗu cikin dare saboda 'yarsa ba marar tausayi ba ne. Ya dai ɗauka tausayi abin kunya ne a idon mutane.

4.4 Obierika: Mai Tunani da Ke Tsayawa Rabin Hanya

Idan Okonkwo yana bin jama'a saboda tsoron zunɗe, amininsa Obierika yana bi ne saboda wani dalili dabam. Shi ne tauraron da marubucin ya fi ba damar auna al'ada. Bai bi ayarin da ya kashe Ikemefuna ba, kuma a babi na 8 ya gaya wa Okonkwo baki da baki cewa abin da ya yi zai iya jawo wa gidansa fushin Ani, abin bautarsu na ƙasa. Amma da Okonkwo ya ƙalubalance shi ko yana ja da tsafi ne, sai ya nuna shi ba ya musun hukuncin, hannunsa kawai ya janye. A wannan babi kuma ya koka a kan dokar da ta hana masu muƙami hawa bishiyar kwakwa don tatsar bammi, yana kallo samari na kashe masa itatuwa, amma bai karya dokar ba.

Babi na 13 ya fi fito da halinsa. A wajen bikin binne Ezeudu bindigar Okonkwo ta fashe, wani ɓallin ƙarfe ya kashe ɗan mamacin mai shekara 16. Hukuncin kisan kuskure shi ne barin gari na shekara bakwai. Obierika ya taya amininsa kwashe doya zuwa rumbunsa cikin dare, da gari ya waye kuma yana cikin waɗanda suka rushe gidan Okonkwo suka cinna masa wuta. Bayan an gama ne ya zauna yana tambayar kansa dalilin da zai sa a azabtar da mutum haka a kan abin da bai yi da gangan ba. Daga nan tunani ya kai shi ga tagwayen da matarsa ta haifa, waɗanda shi da kansa ya jefar a daji, ya rasa laifin da suka yi.

Amsar da ta tsayar da tunaninsa ita ce imanin cewa idan ba a hukunta laifin da aka yi wa ƙasa ba, bala'in zai faɗa wa kowa da kowa. A nan ne littafin ya zarce gwajin Asch. Ɗalibin da ke ɗakin gwaji ba abin da zai rasa in ya faɗi gaskiya sai ɗan jin nauyi. Obierika kuwa ya yi imani cewa saɓawarsa na iya jawo wa maƙwabtansa fari ko annoba. Wanda ke cikin wannan hali ba za a kira shi matsoraci kai tsaye ba, domin yana ganin bai da haƙƙin yin caca da rayukan wasu saboda shakkar da ke zuciyarsa. Sai dai kuma akwai abin da ya rage a kansa. Mutum ne mai muƙami wanda ake jin maganarsa, amma ko sau ɗaya ba a nuna ya kai waɗannan tambayoyi gaban taro ba. In aka yi la'akari da binciken Asch, murya ɗaya irin tasa tana iya buɗe bakin wasu. Har a babin ƙarshe, yana cikin ɓacin rai a kan mutuwar amininsa, al'ada ta hana shi taɓa gawar, kuma bai taɓa ba.

4.5 Shirun Mata da Matasa

Rukuni na uku su ne waɗanda ba su da wurin zama a taro ko kaɗan. A babi na 10, lokacin shari'ar Uzowulu da matarsa Mgbafo, matan Okonkwo sun lura cewa dodo na biyu yana tafiya irin ta mijinsu, sun kuma lura ba ya cikin dattawan da ke zaune. Ba wadda ta ce uffan. Wannan ɗan taƙaitaccen bayani yana da nauyi, domin ya nuna martabar dodannin ta dogara ne a kan yarjejeniyar da ba a furta ba, wato kowa ya sani amma kowa ya yi kamar bai sani ba. Shi ya sa da Enoch ya tone fuskar wani dodo a bainar jama'a a babi na 22, abin ya girgiza al'ummar matuƙa.

Batun tagwaye ma haka yake. A Mbanta, garin kawunnan Okonkwo, dattijo Uchendu ya ambaci 'yarsa Akueni a matsayin misalin wadda ta sha wahala saboda yawan tagwayen da ta haifa aka jefar. Ya ambaci abin ne a matsayin ƙaddara, bai kawo shi a matsayin dokar da za a iya sake dubawa ba. Nneka matar Amadi sau huɗu tana haihuwar tagwaye ana jefarwa. Nwoye kuma ya taɓa jin kukan jariri a daji suna dawowa daga gona, abin ya tsaya masa a rai, sannan kisan Ikemefuna ya fama masa wannan miki. Ga Obierika, ga Akueni, ga Nneka, ga Nwoye, ciwonsu ɗaya, amma littafin bai nuna wani daga cikinsu ya san akwai mai irin ciwonsa ba.

4.6 Sakamakon Shiru

Da 'yan mishan suka iso Mbanta, dattawa suka ba su fili a mugun dajin da ake jefa abin ƙi, da zaton za su mutu cikin kwana huɗu. Ba su mutu ba. Waɗanda suka fara shiga sabon addinin su ne waɗanda ake yi wa kallon marasa amfani, sai Nneka da tsohon ciki, sai Nwoye, sai 'yan kashin osu da aka haramta wa cuɗanya da sauran mutane. Marubucin ya bayyana cewa Nwoye bai fahimci tauhidin sabon addinin ba, waƙar da ya ji ce ta taɓa tambayar da ta daɗe tana damunsa game da tagwaye da Ikemefuna. Daga baya har mai muƙami biyu irin Ogbuefi Ugonna ya bi sahu a Umuofia.

Abin da za a fahimta shi ne 'yan mishan sun tarar da ɓarakar a ƙasa, suka buɗe wa masu ita ƙofar fita. Mutumin da bai sami damar gyara doka daga ciki ba, ranar da ya sami wurin zuwa sai ya tafi gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da Kuran ya bayyana game da tsarin da ake goyon baya a baki. Ba a musun cewa bayan 'yan mishan akwai kotu da kurkuku da bindigar Bature, kuma labarin yadda aka karkashe mutanen Abame ya isa ya tsorata kowa. Amma ƙarfin Bature bai bayyana dalilin da ya sa ɗan fari na gidan Okonkwo ya bar ubansa da ƙafarsa ba.

Ƙarshen Okonkwo ya juya jigon. Bayan an rushe coci, Baturen mulki ya gayyaci shugabanni shida ya sa masu ankwa, aka aske masu kai, aka ci garin tarar buhu 200 na kuɗin wuri, masinjojin kotu suka mai da ita 250. A taron da aka kira bayan sakinsu, Okika yana cikin jawabi, ba a kai ga yanke shawara ba, sai masinjoji biyar suka zo da umurnin a watse. Okonkwo ya sare kan shugabansu. Jama'a suka bar sauran huɗun suka tsere, ya kuma ji ana tambayar dalilin da ya sa ya yi haka. Mutumin da ya kashe yaron da ke kiransa uba don ya gamsar da jama'a ya gane a wannan lokaci cewa bai san zuciyar jama'ar ba. Shekara da shekaru yana jin amsa kirarinsu a kasuwa yana ɗaukar ta a matsayin ra'ayinsu.

4.7 Adalcin Marubucin

Ba daidai ba ne a ce littafin ya la'anci bin jama'a ɗungurungum. A babi na 18, da aka zargi wani Kirista mai suna Okoli da kashe mesar da ake girmamawa, Okonkwo ya nemi a kori Kiristoci daga Mbanta da bulala. Taro ya zaɓi a ƙaurace masu kawai. Okonkwo ya ciji haƙora ya bi, kuma wannan biyayya ta hana tashin hankali. Haka nan ya karɓi tarar da aka ci shi lokacin da ya doki matarsa Ojiugo a Makon Zaman Lafiya.

A wannan wuri ne Ezeudu ya ba da labarin cewa a da wanda ya karya wannan mako jan sa ake yi a ƙasa har ya mutu, amma aka daina saboda hukuncin yana ɓata zaman lafiyar da aka kafa shi don karewa. Ke nan Umuofia ta taɓa gyara dokarta da kanta. Abin takaicin da littafin ke nunawa shi ne ba a yi irin wannan gyara a kan tagwaye da osu ba, har lokaci ya ƙure.

4.8 Salo da Naƙasu

Babbar dabarar da marubucin ya yi amfani da ita wajen isar da jigon ita ce raba abin da tauraro ke yi a fili da abin da ke ransa. Mai ba da labari yakan shiga zuciyar tauraro ya fito da shakkarsa, sannan ya mai da mai karatu filin taro inda ba a jin komai sai murya ɗaya. Ta haka mai karatu ya fi kowane ɗan Umuofia sanin yawan masu shakka a garin. Wata dabarar kuma ita ce ɓoye zaman da aka yanke hukuncin kisan Ikemefuna. Ba a nuna shi ba, ba a kuma faɗi dalilin tsafin ba, sai mai karatu ya ji hukuncin ya faɗo masa daga sama kamar yadda ya faɗo wa mutanen gidan.

Duk da haka akwai wuraren da za a iya kushewa. Na farko, mai ba da labari ya yawaita fassara halin Okonkwo da tsoron gadon ubansa, har ya rage wa mai karatu aikin gano dalili da kansa. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, an taƙaita muryar mata. Labarin Nneka, wanda ya isa ya cika babi, an ba shi 'yan layuka kaɗan, ba a kuma shiga zuciyarta kamar yadda aka shiga ta Obierika ba. Tarihi ya nuna matan Igbo suna da hanyoyinsu na nuna ƙin amincewa a ƙungiyance. A shekarar 1929 dubban mata a yankin Aba da kewaye sun yi bore a kan sarakunan da Turawa suka naɗa da kuma jita-jitar sa wa mata haraji. Littafin bai nuna alamar irin wannan ƙarfi ba sai a ɗan wurin da mata suka fita kora saniyar da ta shiga gona suka karɓi tara daga mai ita. Wannan giɓi ya sa hoton shirun matan Umuofia ya fi na zahiri duhu.

4.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa Achebe ya kawo dalilai uku da ke sa mutum bin hukuncin da bai yarda da shi ba. Okonkwo ya bi don tsoron a raina shi, har ya wuce abin da aka nema daga gare shi. Obierika ya bi don ya yi imani saɓawarsa za ta cutar da wasu. Mata da matasa da osu sun bi don ba su da wurin da za su yi magana. Abin da ya haɗa su shi ne kowa ya ɗauka shi kaɗai ne mai shakka. An kuma ga cewa marubucin bai hana bin jama'a yabonsa ba a inda ya kare zaman lafiya. Laifin da ya ɗora wa Umuofia shi ne ta ɗauki shirun 'ya'yanta a matsayin yarda, ba ta gane bambancin ba sai ranar da suka sami wani wurin zuwa.